Baƙon da Bai Shiga Madina Ba

Duk wanda ya san Malam Haladu a gonakin dabinon Awali da ke Madina, da rashin zama ya san shi. Shekarunsa sittin ba biyu, amma ko shayi aka miƙa masa a tsaye yake sha, kamar wanda ya baro tukunya a wuta. Mutumin Bakori ne. Ya zo aikin hajji a 1966, ya ziyarci Madina, ya ce ba inda za shi, kuma bai je ba. Ya kama aiki a gonar wani Balarabe, ya koyi hawan dabino da igiya a ƙugu, ya auri Azumi, 'yar Hausawan da kakanninsu suka zo da ƙafa ta Sudan. Ita ma ta gaji da ce masa ya zauna, ta koma zuba masa abinci a kwanon da zai iya riƙewa da hannu ɗaya.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, Haladu ya taɓa yin soja. A 1961 yana cikin sojan Nijeriya da aka kai Kwango aikin kwantar da tarzoma, direba ne, yana jan wasu sojojin Kanada biyu masu kula da wayar oba-oba. Babbansu, Saje Rolan, dogo ne mai yawan dariya, yana jin Faransanci kamar ruwa, kuma Faransancin nan ne ya ja musu. Wata rana sojojin ƙasar da suka yi bore suka tare su a hanya, suka ji bakin Saje, suka ce ai 'yan Beljiyam ne. Aka kulle su ukun a wani siton kofi. Turawan ake duka, safe da yamma, da gindin bindiga. Ruwa gwangwani ɗaya ake miƙo musu, Saje ya raba uku, kuma kullum shi yake sha a ƙarshe.

A rana ta huɗu aka fito da Haladu bakin ƙofa. Shugaban 'yan boren ya ɗora masa bindiga a ƙirji, ya tambaye shi ko shi zai iya shaida cewa mutanen nan 'yan Kanada ne. Wata uku Haladu yana tuƙa su, ya san har sunan 'yar Saje. Amma ya buɗe baki ya ce, da ƙarfi kuwa, shi direba ne kawai, bai san su ba. Aka sake shi. Turawan suka ƙara kwana biyar kafin a sasanta a karɓo su, aka wuce da su asibiti a jirgi, bai sake ganinsu ba. Maganar nan ita ta hana shi zama shekara talatin da shida. Ya roƙi Allah gafara a Raula, cikin Masallacin Annabi, har ba ya iya ƙirgawa, amma ya sani sarai haƙƙin mutum sai mutumin ya yafe da bakinsa.

Ana cikin watan da ake sa wa matan dabino garin namiji, a 1997, ɗansa Khalilu ya bugo waya daga Yanbu, inda yake aiki a matatar mai. Khalilu haifaffen Madina ne, Hausar tana shiga kunnensa lafiya lau, amma sai ta fito rabi da Larabci.

"Ya abuya, kai ka taɓa zama askari?"

Soja yake nufi, kuma bai jira amsa ba ya ci gaba.

"Akwai muhandis, injiniya, a kamfaninmu, ɗan Kanada. Babansa ya zo ziyara, shayib ne, tsoho, sunansa Rolan. Ya ce ya yi cigiyarka har Kaduna, tsofaffin sojoji suka ce ka tafi Makka ba ka dawo ba. Yana so ya gan ka ran Alhamis, kafin ya koma."

Daga ranar gidan Haladu bai sake ganin kwanciyar hankali ba. Ya fitar da kayan ɗakin baƙi ya sake fenti. Ya sayo sabuwar katifa, ya mayar, ya ce ta yi gajarta, mutumin dogo ne. Ya ɗaure rago a tsakar gida. Ya sa Azumi ta nemo kuka da daddawa wurin mata 'yan umara. Ya tsara komai a ransa yadda aka rene shi: ba a tarar baƙo da magana mai nauyi ƙurar hanya na jikinsa. Ranar farko ya ci ya huta. Rana ta biyu a zaga da shi gona. Sai rana ta uku, bayan la'asar, su biyu a gindin dabino, ya durƙusa ya faɗa masa.

Azumi tana tankaɗe ranar Talata, ta ɗago kai ta dube shi yana auna labule.

"Malam, shi wannan baƙon naka, musulmi ne?"

"Wane irin musulmi? Bature ne fa, Nasara."

"To ta ina zai shigo?"

Haladu ya tsaya da labule a hannu. Kai, wannan abin kunya da yawa yake! Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya a garin Manzo, wanda in aka tashe shi daga barci zai lissafa iyakokin harami ɗaya bayan ɗaya, shi ne ya yi kwana huɗu yana gyara wa Kirista ɗaki a ciki. Allon nan na bakin hanya mai cewa musulmi kaɗai ke wucewa, ya wuce shi ya fi sau ɗari, bai taɓa karanta shi a matsayin abin da ya shafi wani nasa ba. Ya yi faɗa da Azumi don ta faɗi gaskiya, ya yi faɗa da ragon don ya yi kuka, sannan ya kira Khalilu.

"Mamnu' ne, an hana, ya abuya, ai na ɗauka ka sani. Akwai mahaɗɗa, gidan mai, kafin shingen 'yan sanda, da wurin hutawa. Can za mu tsaya. Amma sa'a ɗaya kawai, don jirginsa na Jidda da yamma ne."

Kwana ukunsa sun koma sa'a ɗaya, a gidan mai, kuma ɗansa ne tafinta, don Turancin barikin Haladu ya daɗe da yin tsatsa. Ya yi tunanin ya ce ba shi da lafiya. Ya yi tunanin ya je ya gaisa kawai ya dawo. Ranar Laraba ya hau dabino goma sha bakwai, mai gona da kansa ya ce ya sauko haka nan kada ya faɗo masa.

Alhamis da hantsi ya isa wurin da kuloli huɗu na tuwo da naman rago da kwalin ajwa. Manyan motoci na wucewa, iska na kwaso warin dizal. Ya zaga famfunan mai ya fi sau ashirin kafin wata farar mota ta tsaya, ɗan Saje na tuƙi, Khalilu a gefensa. Tsohon da ya fito ya rankwafa, yana dogara sanda, gashin ya tafi, amma dariyar tana nan. Ya rungume Haladu yana bubbuga bayansa, yana kiran sunansa yadda ya saba ɓata shi tun da can.

Suka zauna a kan darduma a rumfar hutawa. Saje ya juyo da kunnensa na dama wajen Khalilu, ya ce na hagun ya mutu tun a siton nan. Ya ci tuwo da hannu, yana zubarwa yana dariya. Ya ba da labarin ɗaya Baturen, abokinsa, da ya rasu bara, da yadda shi ya yi shekaru ba ya iya kwana a ɗaki mai rufaffiyar ƙofa. Sannan ya kama hannun Haladu.

"Yana cewa ya zo ne ya yi maka shukran," in ji Khalilu, fuskarsa cike da alfahari. "Wai da suka ga an fita da kai ba ka dawo ba, sun san ka tsere ka kai labari. Wai tunanin nan ne ya riƙe su kwana biyar ɗin."

Haladu ya dubi agogon Khalilu. Saura minti ashirin. Ga hanya a buɗe: ya yi murmushi, ya ce ba komai, kowa ya tafi da farin ciki, ɗansa ya koma Yanbu yana cewa ubansa jarumi ne. Ransa ya so hakan ƙwarai, har ya ji daɗinsa a baki. Sai ya janye hannunsa, ya gyara ya durƙusa a kan gwiwoyinsa.

"Khalilu, abin da zan faɗa ka mayar masa yadda yake. In ka rage ko kalma ɗaya, ban yafe maka ba."

Ya faɗa duka: bindigar, tambayar, da amsar da ya bayar. Ya ce labari kam ya kai, amma bayan ya ce bai san su ba, kuma da ya yi shaida wataƙila da ba a ƙara musu kwana biyar ɗin ba. Khalilu yana fassarawa idonsa a ƙasa. Da ya gama, Haladu ya ce, "Ka ce masa ina roƙonsa don Allah ya yafe mini."

Saje Rolan ya daɗe yana kallon kwanon tuwon. Dariyar ta ɗauke. Ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi magana a hankali.

Khalilu ya fassara: "Ya ce bai ji ba a ranar, kunnen ya riga ya fashe. Da ba ka faɗa ba, da ya mutu bai sani ba."

"To ya yafe?"

Ɗan Saje ya danna hon daga mota. Tsohon ya miƙe da ƙyar, Haladu ya miƙa masa sandarsa, ya karɓa. Ya ciro takarda ya rubuta lambar waya, ya sa a hannun Haladu ya danne da nasa hannun, bai yi murmushi ba, bai kuma ɓata rai ba. Ya faɗi wata magana gajera ya juya.

"Me ya ce? Khalilu, me ya ce?"

"Ya ce kai ka yi shekara talatin da shida da maganar nan, shi kuwa yanzu ya ji ta. Wai ka ba shi lokaci."

Motar ta hau titi ta nufi Jidda. Khalilu ya tsuguna yana rufe kuloli, bai ɗago ya dubi ubansa ba. Haladu na tsaye a rana da takardar a hannu, yana so ya tambayi ɗansa ƙarfe nawa ne yanzu a Kanada, da kuma kwana nawa ya kamata mutum ya bari kafin ya kira.