Jikar Aro a Gidan Santokben

Katanga ɗaya ce tsakanina da Santokben, ita ma gajeriya, don haka ba abin da za ta dafa ban ji ƙamshinsa ba, ba kuma wanda za ta zaga ban ji sunansa ba. Mijinta ya mutu tun da sauran ƙuruciyarta, ya bar ta da 'ya ɗaya da ɓaunar tatsa ɗaya. 'Yar, Daksha, an kai ta aure birnin Surat, can ta rasu ba da daɗewa ba bayan ta yaye 'yarta Jalpa.

Wata rana mijin marigayiyar, Mansukh, ya sauko daga bas da yarinyar a kafaɗa. Da na leƙo na ɗauka ƙunshin wanki ya ɗauko. Ta wuce shekara biyu amma ba ta tsayuwa, gashinta ya yi ja kamar gemun masara.

"Inna, ku riƙe ta," in ji shi, ko takalmi bai cire ba. "Mahaifiyata ba ta da ƙarfin jinya. In ta yi ƙwari sai mu zo mu ɗauki abarmu."

Santokben ta ce, "Me kuke ba ta a can?"

"Ruwan wake mana, da biskit a shayi. Cikinta ba ya ɗaukar abu mai nauyi."

Ba zan zage su ba, don mu ma haka muka reni namu. A dafa wake ya yi lugub, a bar shi ya kwanta, a kwashe ruwan sama a ba yaro, kaurin kuwa a kai wa maza. Muna cewa ya fi sauƙi a ciki. Dole ya yi sauƙi, tunda ba komai a cikinsa. Maganar ɗaukar abarsu ma ba wanda ya yi musu, ɗa na gidan ubansa ne, uwar uwa aro ake ba ta.

Na raka Santokben da jikar wurin ma'aikaciyar lafiya. Ma'aikaciyar yarinya ce ƙarama, ta ja fatar idon Jalpa ta ce jini ya yi ƙasa ƙwarai, sannan ta rage murya. "Ko ƙwai ɗaya a rana, Santokben. Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani. Tun kakanninmu, abin da ya yi numfashi ko yake shirin yi bai taɓa shiga tukunyarmu ba. Faɗi wani abin, 'yar nan, in dai ba ƙwai kaɗai aka koya miki ba."

Ta kuwa faɗa: wake da kaurinsa, gyaɗa, madara, ganye, a matsa lemun tsami, a raba ta da shayi. Faɗarsa ba wuya. Yinsa ne ya cinye matar nan a kan idona.

Ta jiƙa koren wake ta ɗaure a tsumma ya tsiro, ta dafa ta murje da hannu. Ta soya gyaɗa da riɗi ta daka da mazarƙwaila, ta mulmula ƙanana. Madarar yamma ta daina kai wa masu saye. Zogalena da ya leƙa gidanta ta tsige shi tas, da na yi magana ta ce, "Labhuben, ke da haƙoranki suka ƙare, me za ki yi da jini?" Duk wannan kuma yarinyar tofarwa take. A saka mata a baki, ta riƙe, ta kalli kakarta, ta fesa mata a fuska. Santokben ta goge, ta sake ɗebowa. Gwiwoyinta dama ciwo suke, in ta durƙusa sai ta dafa turmi take tashi. Sau da yawa nakan ji ta tana cewa, "Na gaji, Jalpa. Ke ba ki gaji ba?" Ba faɗa a muryar, gajiyar ce kawai.

A hankali baki ya buɗe. Jalpa ta tsaya, ta taka, ta fara bin jelar ɓauna. Gashi ya yi baƙi. Tana kiran "Nani, Nani," wato kaka, tun safe har kunnena ya gaji.

Ni ce na fara tsorata. Na ce mata ta kan katanga, "Ke, rage hannu. Kiwata musu ita kike. Ranar da suka ga kumatun nan, shi ke nan."

Tana dakanta ta amsa. "Na sani. Duk lomar da ta haɗiye na san inda take kai ta. To in yi yaya? In ba ta ruwan wake?"

Sai na koma kan shawarar da ta fi ƙarfin hankalina. Da aka ce Mansukh zai zo bikin fitilu, na ba ta tsohuwar rigar jikata, burmemiya, na ce ta saka mata ya ga kamar har yanzu a rame take. Ta harare ni, ta ce ban da kunya. Ranar kuwa na ga yarinyar cikin rigar. Sai dai riga ba ta rufe kumatu, kuma ja'irar da gudu ta tarbi uban a ƙofa.

"Kai, Inna, hannunku da albarka!" in ji shi. Ya ce ya yi sabon aure, yanzu akwai mai riƙe ta. Ya taɓa ƙafafun Santokben don girmamawa, ya ɗauki 'yarsa. Ta bi su har bakin titi tana ta bayanin yadda ake tsirar da wake, yana ta cewa to, to, idonsa na kan bas.

Bayan nan gidan ya yi shiru. Wata rana ko hayaƙi ba na gani. Ni kaina na yi kewar zagin.

Ana dab da damina sai ga Mansukh, yarinyar a kafaɗa. Wuya ya zama siriri, kai ya langaɓe. "Inna, ban san me ke damunta ba. Ina jin ruwanku ne ya karɓe ta. Ku riƙe ta ta ɗan farfaɗo."

Ta karɓe ta. Da ya tafi na leƙa, na same ta zaune a ƙasa da yarinyar a cinya, tana shafa haƙarƙarinta, hawaye na zuba. Na ce ta yi haƙuri, za ta sake tashi kamar wancan karon.

"Ba shi nake wa kuka ba, Labhuben," in ji ta. "Da na hango ta a rame, daɗi na ji."