Kunun Gyaɗa da Minti Biyun Meilin

Ta haye, jama'a! Meilin ta haye. 6.5 a speaking, ita da 6 kawai ake nema mata. Yanzun nan ta turo min hoton result ɗin ina cikin bas a Bristol Road, sai da wata tsohuwa ta juyo ta harare ni saboda tsallen da na yi a kujera. Ku yi haƙuri da typing ɗina. Na san rabinku ba ku san ko wace ce ba, to bari in faro daga tushe, musamman don ku sababbi da za ku shigo wannan aikin a Satumba.

Ina aiki a wata 'yar centre a saman wani shago a Selly Oak, awa goma sha biyu a sati, in na fito daga lecture. Mai wurin Madam Jean ce, Baturiya, ta kusa sittin. Da can 'yan gudun hijira take koya wa Turanci da kuɗin council. Da aka fara yanke-yanken nan na gwamnati aka rufe ajin nata, sai ta koma shirya ɗaliban China don jarrabawar Turanci, wadda sai ka samu makin da ake so kafin uni ta ba ka gurbi. Madam ce a sama, sai malamai biyu masu takarda, sai mu 'yan speaking partner a can ƙasa. Aikinmu shi ne mu zama examiner na ƙarya. A jarrabawar gaske ana zaunar da ɗalibi gaban examiner, a miƙa masa kati mai tambaya ɗaya, a ba shi minti ɗaya ya yi tunani, sannan ya yi magana minti biyu cur. Haka muke yi musu mock, mu riƙe agogo muna cin magani.

Ranar da har gobe ba za ta fita kaina ba, wata Talata ce a farkon Agusta. Katin ranar cewa ya yi ka ba da labarin wani dattijo a danginku da kake ƙauna. Na farko ya shigo, ya ce kakansa ne, mutum mai kirki, duk Lahadi yakan kai shi bakin kogi kamun kifi, shi ya koya masa haƙuri. Na ce madalla. Ta biyu ta shigo, kakanta, Lahadi, kogi, kifi, haƙuri. Kafin azahar mutum biyar cikin bakwai sun ba ni kaka ɗaya, har inda ake tsayawa a ja numfashi iri ɗaya ne. Na leƙa ofis na ce, "Madam, tsohon nan mai kifi rabin China ya aura ne?"

Ta yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ta ce wani littafi ne suke zuwa da shi daga gida, mai shiryayyun amsoshi, su haddace. Examiner na gaske kuwa yana jin ƙamshin hadda zai katse ka, ya zaftare maki.

Ni fa 'yar Islamiyya ce, ba a yi min burga da hadda. Na san idon nan da ke kafewa a silin, na san 'yar girgizar nan ta gaba da baya, na san in aka katse ka sai ka koma farkon layi. Kuma a duk ajin babu gwanar hadda kamar Meilin. 'Yar siririya, shekara ashirin da biyu, master's take nema a engineering. Reading da writing ta kece raini. Speaking kuwa sau biyu tana zama, sau biyu 5.5. Uni ta ba ta zuwa ƙarshen wata, in ba ta kawo 6 ba gurbin ya tafi, biza ta bi bayansa, sai gida. Birmingham babu sauran kujera, sai a Manchester aka samo mata, ranar wata Asabar, saura kwana goma sha ɗaya.

Ita ce ta ƙarshe ranar. Tana fara zuba nata kakan na danne agogo. Na ce, "Yaya sunansa?"

Ta tsaya cak.

"Wane irin kifi kuke kamawa?"

Can ta ce, a hankali, ita ba ta taɓa ganin kakanta namiji ba.

Ni kuma da rawar kaina, ina jin na zama babbar malama, na ce, "To wa ya rene ki? Ba ni labarinsa."

Ta kalle ni, ta tura littafinta cikin jaka, ta ce sorry, ta fita. Na ce shi ke nan, Safiya, yau kin kori customer, ke ma sai ki tattara.

Madam ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ba faɗa ta yi ba. Ta ce kakar Meilin ta wajen uwa, wadda ta rene ta tun tana jaririya, ta rasu sati uku da suka wuce. Iyayen sun ɓoye mata har aka yi jana'iza, wai kar hankalinta ya rabu da karatu. Na ce, "To wa ya je wurinta?" Madam ta ce ta aika mata kati, kuma ta ba ta lambar masu counselling na uni, sai dai layinsu ya kai sati shida tunda aka rage musu ma'aikata. Ta ce, "Give her space, love." Ta kuma tuna min dokar wurin: ma'aikaci ba ya zuwa gidan ɗalibi.

Da na fito na kira Gwaggo Rabi, ƙanwar babana, akanta ce a Manchester, tana zaune a Cheetham Hill. Niyyata kawai in roƙa wa Meilin wurin kwana ranar jajiberin jarrabawa. Na ba ta labari.

"Kin je kin yi mata gaisuwa?"

"Gwaggo, an ce a ba ta space ne."

"Space ɗin me? Yarinya a ƙasar mutane, sati uku da mutuwa, babu wanda ya zauna kusa da ita, ke kuma kin riƙe mata agogo? Haka aka yi miki da kakarki Inna ta rasu?"

"Akwai doka fa, Gwaggo."

"Dokar ta hana zuwa gidan ɗaliba. Ke gidan makoki za ki. Kuma kar ki je min hannu rabbana."

Washegari da la'asar na sayi shinkafa da peanut butter, na dama kunun gyaɗa irin namu na 'yan uni, na zuba a flas. Gidansu irin shared house ɗin nan ne na Selly Oak, kekuna a corridor, kowa ya kulle ɗakinsa. Ta buɗe ƙofa ta gan ni, sai ta hau ba ni haƙuri, tana cewa gobe za ta dawo class. Na ce ba don class na zo ba. Na cire takalmi na zauna a kan kafet. Na ce mata na ji abin da ya faru, a garinmu in mutum ya yi rashi zuwa ake a zauna tare da shi.

Ta ce, "Me zan yi?"

Na ce, "Ba komai. Zama kawai."

Wallahi mun fi rabin awa ba wanda ya ce uffan. Ni mai surutun nan da kuka sani. Ƙafata har ta mutu. Can ta buɗe flas ɗin, ta leƙa, ta zuba a mug, ta kurɓa. Ta ɓata fuska ta ce, "Sugar ya yi yawa."

Na ce, "Ke, daga kawo miki abu?"

Ta ce ai kakarta ma tana dama irinsa da shinkafa kowace safiya, amma nata babu sugar, da ganye mai tsami ake ci. Daga nan fa bakin ya buɗe. Ta ce tsohuwar tana sayar da kayan miya a bakin tashar bas. Ta ce ba ta iya rubutu ba, don haka kullum saƙon murya take aiko mata, kuma ba ta taɓa gane inda ake dannawa a tsaya ba, sai ka ji ta tana faɗa da maƙwabciya a ƙarshen saƙon. Turancin nan duk a karye, he ya koma she, tense kowa ya kama gabansa. Ban gyara ko ɗaya ba. Karo na farko ke nan da na ji yarinyar nan tana magana idonta a kaina, ba a silin ba.

Sannan ta kunna min na ƙarshe. Sakan takwas ne, murya 'yar ƙarama mai kaushi. Ta fassara min: "Kin ci abinci? An ce ƙasar nan ruwa ba ya ɗaukewa, ki riƙa sa riga mai kauri." Meilin ta ce ranar tana hadda ne, ta ce za ta amsa anjima.

Muka sha kukanmu, ni ina tuno Innata, ita tana tuno tata.

Ranar Alhamis na kai kaina wurin Madam kafin wani ya kai ni. Ta saurara har ƙarshe, ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Ban ji abin da kika ce ba." Sai ta jawo timetable ta mayar da duk sauran mock ɗin Meilin hannuna.

Kar ku ɗauka daga nan komai ya zama sumul. Ta dawo class ta koma haddarta. Na ce ta ajiye littafin, ta ce ba za ta iya ba. Ta ce in ta faɗi gaskiya kuka zai zo, in kuka ya zo lokaci zai tafi, shi kuma littafin ba ya sa ta kuka. Na ce to mu yi ciniki: na ba ki sakan biyar ki yi kukanki, sauran ki yi magana. Haka muka riƙa yi, agogo a dama, tissue a hagu. Wata rana ya yi, wata rana tsohon mai kifi ya sake leƙowa, in ce, "Gaida Baba, ya kogi?" ta kwashe da dariya mu sake daga farko.

Juma'ar jajiberin jarrabawa da rana muka hau coach zuwa Manchester. Gwaggo ta tare ta a ƙofa, ta riƙe hannunta da hannu biyu, ta yi mata ta'aziyya yadda ake yi, da Hausa tukuna sannan da Turanci. Bayan tuwo kuma sai tambayoyi suka ɓalle. Ta wajen uwa ce ko uba? Shekararta nawa? Wa ke kula da mamanki yanzu? Kin kira ta? Na ce, "Gwaggo, kun fi examiner tsanani fa." Ta ce, "Rufe min baki, da 'yata nake magana." Meilin ta amsa duka, babu wadda littafin ya tanadar mata.

Da safe muna shirin fita ta ciro littafin daga jaka, ta jujjuya shi, ta miƙa wa Gwaggo ta ce ta ajiye mata. Gwaggo ta ɗora tukunyar shayi a kai.

Na jira ta a waje. Ta fito ido ja. Ta ce katin ya ce ta ba da labarin wani saƙo mai muhimmanci da ta taɓa samu. Littafin yana da amsarsa, wasiƙar samun gurbi a uni, kuma ta fara, har ta yi layin farko. Sai ta tsaya ta ce wa examiner, "Sorry, wannan ba nawa ba ne." Ta ba shi labarin sakan takwas ɗin nan. Kuka ya zo, examiner ya turo mata tissue bai tsayar da agogo ba, ta ƙirga biyar a ranta, ta ci gaba. Sai da ya ɗaga hannu ya dakatar da ita, ba ta ma kai kan maƙwabciyar ba. Ta ce ta san ta yi kuskure kamar ashirin. Sati biyu muka yi muna jiran result, babu mai iya tayar da zancen.

Ga shi yau. Kuma kun san me? Gwaggo Meilin ta fara kira kafin ni, ni da na sha wahalar. Ta gaya mata makin tana haki, Gwaggo ta ce alhamdulillahi, sannan ta ce, "Have you eaten?" Meilin ta ce wannan karon a take ta amsa.

Abin da na koya ke nan, ku sababbi. Yaran nan ba ragwaye ba ne, sun fi mu naci nesa ba kusa ba. Amma in kuka ga ɗalibi ya rungume hadda kamar ransa, kar ku yi saurin cewa wayo ne. Wani bayan littafin yake ɓuya, don abin da zai faɗa da bakinsa ya yi masa nauyi, kuma tun da ya sauka ƙasar nan babu wanda ya zauna da shi a ƙasa ya jira. Ku ajiye agogon ku tambaya. In za ku kai kunu, ku rage sugar.

Don Allah ku tura wa duk wani namu da ke wannan aikin, a Birmingham ko Manchester, kafin sababbin ɗalibai su iso.