Gazuwal a Lambun Babana

Shekarar da gero ya ƙone a tsaye, abin da ya rage mana a Filinge shi ne lambun babana na bakin rijiya. Idan albasa ta yi, mu ci. Idan ba ta yi ba, a sayar da saniyar innata, ta ƙarshe a gidan. Ana cikin haka tanon gazuwal, wato gangar man dizal na injin ban ruwa, ya tsiyaye, ya jiƙe kusan rabin lambun.

A wurinmu duk abin da ke wari binne shi ake yi. Haka babana ya yi: ya kwaso laka ya shafe wurin, ya tattake, ya kwarara ruwa.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga makarantar aikin gona ba, kaina cike da karatu. Na ce masa akwai ƙwayoyin halitta a cikin ƙasa, ido ba ya ganinsu, waɗanda suka gaji dabarar cin irin wannan mai. Abin da ke sa warin yana da siffa kamar zobe, su kuma da iskar da muke shaƙa suke fasa zoben kafin su cinye. In aka toshe musu iska, aikin sai ya yi ta jan ƙafa. Rabin bayanin da Faransanci na yi shi, a gaban maƙwabta, ina ɗaga murya. Har yau ina jin haushin kaina.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Mi kag gani da idonka? Ga kusurwa can, tai ka yi noman iskarka."

Wurin da ya ba ni, cikin inda man ya zuba, bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Na zuba takin awaki, ina juya ƙasar da hauya duk bayan kwana uku, ina yayyafa ruwa kaɗan. Masu wucewa suka sa mini suna mai shanya ƙasa. Kafin sanyi ya wuce warin ya tafi, na dasa albasa ta kama.

Da babana ya tone nasa, wari ya buge mu kamar ranar aka zuba. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙo hannu na ba shi hauyar.

Amma lokacin dashe ya riga ya wuce. Ranar kasuwa ni ya sa na ja saniyar, innata kuwa ta shige ɗaki don kada ta ga fitarta.