Huɗuba Ta Bayan Gilashi

Malam Hambali manomi ne daga Durun, shekarunsa sun doshi hamsin. Yana tsaye a barandar asibiti, bakin tagar ɗakin jarirai, sanye da farar rigarsa ta zuwa Juma'a wadda wuyanta ya sha ɗinki. Hannuwansa sun yi kanta saboda riƙon fartanya. A ciki 'yarsa bakwaini tana kwance a kwalbar ɗumama jarirai, da siririyar roba a hanci. Duk sanda aka ɗauke wuta sai ya juya yana kallon janareta, wanda a wannan tsadar ba kullum ake samun mansa ba.

Yau ce ranar suna, amma tun da aka haife ta bai samu ya yi mata huɗuba a kunne ba. Yadda ya ƙi zama, da alama ya taɓa binne jariri kafin suna.

"Baba, ba a shiga," in ji nas ɗin.

"Na sani, 'yata. Ko za ta koma, ta koma da sunanta."

Sai ya tuɓe takalmansa, ya kafa baki a jikin gilashin, ya yi kiran salla a hankali, sannan ya ce, "Badi'a."