Muryar Keken Togbi Sewa

Wadda ta fara ba ni labarin Fo Mesan mai gyaran agogo matarsa ce, Da Kayi, mai soya doya a gefen teburin tsirena a unguwar Be, cikin Lome. Shekara goma sha ɗaya hayaƙina yana shiga idonta, nata yana shiga nawa, don haka babu abin da ya rage a cikinta ban ji ba. Ke Hajara da kike rubuta min labarin, rubuta Fo ɗin nan, kada ki tsallake shi, kamar Yaya ne a wajenmu, can ba a kiran babba gatsal.

Fo Mesan ɗan guntu ne mai sanƙo, tabarau ɗaya a ido, ɗaya a goshi. Shagonsa bai fi akurkin kaji ba. Tun yana saurayi ya koyi agogo a hannun kawunsa, kuma aƙidarsa guda ce: ƙarfe mai lafiya raɗa yake yi, in ka ji ya ɗaga murya, to ciwo ne. Ƙofa ba ta isa ta yi ƙara a gidansa ba. Ko keken ɗinkin maƙwabciya ya ji yana kuka, sai ya tsallaka da 'yar kwalbar mai, ba a kira shi ba. Jifa ɗaya ne tsakanin inda aka binne cibiyarsa da teku, amma bai taɓa barin ruwanta ya taɓa idon sawunsa ba. Shi dai kifi a faranti, da yaji.

Sai agogon roba mai batir ya cika kasuwa, wanda in ya tsaya a wurgar a sayi wani. Aiki ya ɗauke ƙaf. Fo Mesan ya koma zaman korar ƙuda, shi da wata tsohuwar rediyo da ya ɗora a kan teburin aiki.

Yana da aboki, Togbi Sewa, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ruwa, wanda ya girme shi da shekara goma sha biyar. Idanun Togbi sun yi hazo, ba ya bambance mutum da turken lantarki sai an yi magana. Amma kullum safiya yana kan duwatsun nan da aka jera cikin teku a bayan tasha, da doguwar sandarsa da keken fatsarsa. Keken nan ɗan inji ne kamar dunƙulen hannu biyu, a ɗaure a gindin sanda, da kwarkwaron da zare ke naɗuwa a kai, da mariƙin juyawa. Wani matuƙin jirgi ya bar masa shi tun Togbi yana da baƙin gashi. Baƙin fenti duk ya koɗe, gishiri ya ci gefensa. Yana kiransa Madam, ya ce ita kaɗai ce ba ta taɓa yi masa yaji ba.

Wata Litinin sai ga Togbi a shago, Madam a naɗe cikin tsumma, fuskar nan kamar an aiko masa da sammaci.

"Mai sanƙo, kana ciki, ko rediyon ce ke tsaron shago?"

"Ina nan, Togbi. Shigo a hankali, kada ka gaishe da ƙofa kamar rannan."

"Ayoko ta zo jiya," in ji Togbi. Ayoko 'yarsa ce, tana aikin jinya a Palime, can cikin tuddai. "Wai in tattara in bi ta. Wai makaho ba shi da abin yi a kan dutse. Garin da ko warin teku babu, Mesan. Na yi ta faɗa, ta ce to, kifi ɗaya, mai tsawon hannunta, da hannuna, kafin ta dawo Asabar ɗin ƙarshen wata. In babu, in shiga mota."

"To ka kama mata mana."

"Da me? Madam ta cije. Sau biyu babba yana ci, birki ya riƙe, zare ya tsinke."

Fo Mesan bai taɓa buɗe irin wannan ba, amma ya ce duk abin da ke da haƙori a ciki ɗan'uwan agogo ne. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kwance sukurori uku na gefe, ya jera kowane ƙarfe daga hagu zuwa dama yadda ya fito. Tsohon giris ya daskare da yashi kamar ƙanzon tukunya. Ya jiƙa haƙoran a kananzir cikin gwangwanin tumatir, ya bi su da tsohon burushin baki, ya shanya, ya shafa sabon giris kaɗan. Zoben tagullar da sandar tsakiya ke juyawa a ciki ya cinye, ya yi kwana biyu a kasuwar kayan babur har ya samo ɗan boris daidai ramin. Birkin kuwa wasu 'yan faya-fayai ne a jere cikin kwarkwaro, fata da ƙarfe, fata da ƙarfe, fatun sun bushe kamar kilishin bara. Ya yanko sababbi daga wata farar roba mai santsi da wani makanikin jirgi ya ba shi.

Da ya ja zare don gwaji, sai abin ya ce ƙarrr, wata shaƙaƙƙiyar murya kamar tsohon zakara. Fo Mesan ya yamutsa fuska. Ya kifa kwarkwaron, ya ga wani ɗan harshen ƙarfe mai tsatsa, bai kai farce ba, yana goga haƙora. "Kai ne mai ciwon," in ji shi. Ya fizge shi da hantsaki ya cillar. Ya sake ja. Shiru, sumul, kamar ana zare gashi daga man shanu.

"Na daidaita birkin, kada ka taɓa," ya ce wa Togbi. "Madam ta koma budurwa."

Abin da Fo Mesan bai sani ba, tunda bai taɓa taka duwatsun ba, shi ne Togbi da kunne yake kamun kifi. Zai jefa, ya soke sandar a tsagar dutse, ya zauna yana ɓare gyaɗa. Sai kifi ya ja zare, Madam ta yi kuka, sannan ya miƙe. Masu fatsar wurin kowa an san muryar kekensa, ko baya ka juya za ka ce na wane ya ci.

Washegari Togbi yana tsakiyar labarin wani kifin da ya kama zamanin yana saurayi, sai na kusa da shi ya ce, "Togbi, yau Madam tsirara ta fito?" Ya laluba. Kwarkwaro fayau, ko taƙi ɗaya na zare babu. Kifi ya ci, ya kwashe zaren duka, ya yi tafiyarsa ba sallama, Madam ba ta ce uffan ba.

Bai yi faɗa ba da ya iso shago. Ya ajiye ta a tebur ya ce, "Ka gyara mata ƙafa, ka yanke mata harshe. Ni da wane idon zan gani?"

Da Kayi ta ce ranar mijinta bai ci abincin rana ba. Ya share shagon nan sau uku, ya tankaɗe sharar da rariyarta ta gari, ɗan harshen nan ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Saura kwana huɗu Ayoko ta zo. Sai ya sauke wani tsohon agogon bango, ya yanki sifirin ɗinsa, ya goge, ya lanƙwasa, ya dasa. Ya ja zare: tik-tik-tik.

"Ka ji?"

"A nan na ji," in ji Togbi. "Teku ba shagonka ba ce. Sai ka zo can ka saurara da kunnenka."

Haka Fo Mesan ya hau duwatsu karon farko a rayuwarsa, takalmi a rataye a wuya, rabi tafiya rabi rarrafe, makaho yana gaba yana ce masa, "Taka nan, akwai gansakuka a hagu." Masu fatsa suka samu abin yi.

"Fo, ka zo ɗaura wa teku agogo ne?"

"Ku bar shi, yau ya zo gaishe da surukai."

Da igiyar ruwa ta daki dutse, Fo Mesan ya ja zare, shi kansa bai ji komai ba. Ya zauna nan a jiƙe, ya fito da sifirin da ɗan zartonsa, ya yanko mai kauri. Kwana biyu yana yanka yana gwadawa, sai na huɗu ya keta ƙugin ruwa. Sai dai muryar, wallahi, zabuwa ce aka taka wa ƙwai.

"Wannan ba Madam ba ce," in ji Togbi. "Amma ko a Palime za a ji ta."

Asabar da hantsi Ayoko ta iso. Ta bar mota a bakin hanya ta tako har kan duwatsu, ta tsaya ta harɗe hannu. Kwandon babanta babu komai. Fo Mesan yana zaune a gefe ya rungume wani dutse. Rana ta fara zafi, ta ce, "Papa, ya isa haka." Ba ta rufe baki ba zabuwa ta ɓarke. Duk duwatsun suka kwashe da dariya, Togbi kuwa tuni yana tsaye, sanda ta lanƙwashe. Kifin ya yi gudu uku, kowane gudu sabon birki yana sakin zare a hankali, babu cijewa, babu fizga. Fo Mesan ya manta da dutsen da ya rungume, yana tsaye yana cewa, "Ka ji aiki, ka ji aiki." Aka ɗago kifin, fari tas mai gemu, irin wanda suke kira kaftin.

Ayoko ta durƙusa ta miƙa hannu daga kafaɗa. Kowa ya gani, ban da mai kifin: saura tsawon yatsu bai kai ba. Ta dubi babanta yana haki yana murmushi, ta dubi mai sanƙon da ya jiƙe har wuya. Sai ta dunƙule hannun.

"Ya kai," in ji ta. "Amma Fo Mesan, kai za ka riƙa kawo shi kana mayar da shi. Ranar da ka fasa, mota na nan."

Shekara shida Fo Mesan yana hawa duwatsun nan kowace safiya, bai taɓa riƙe sandar fatsa ba. Masu fatsa suka fara miƙo masa nasu kekunan, har daga Aneho ake kawowa, shago ya farfaɗo. Duk wanda ya kawo, kafin ya taɓa sukuru sai ya ja zare ya saurara, ya ce, "Haka take magana, ko mura take yi?" Togbi kuwa bai fasa mita ba. An sake wa Madam harshe ya fi goma, kowanne ya ce, "Kusa, amma ba ita ba ce."

Da gwiwoyin Togbi suka gaza, da kansa ya aika Ayoko ta zo. Ya tafi Palime da Madam, aka rataye masa ita a kan gado, in kewa ta dame shi ya ja zare zabuwa ta yi kuka.

Bayan wata biyar da tafiyarsa, rediyon shago ta ƙi magana. Fo Mesan ya buɗe bayanta, sai ga ɗan harshe mai tsatsa manne da maganaɗisun lasifika, inda ya faɗa tun ranar da aka cillar da shi. Ya daɗe yana kallonsa. Ya naɗe shi a auduga, ya sa a kwalin ashana, ya ce Asabar zai hau mota ya je ya dasa da hannunsa, don ba abin ba wa direba saƙo ba ne.

To Asabar ita ce ranar da kekuna suka fi zuwa. Wannan ta wuce, waccan ta wuce, damina ta shigo da zazzaɓin da ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ranar da zan baro Lome, Da Kayi ta buɗe min kwalin ashanar na gani, da ɗan hantsakin a gefe. Ta ce Togbi na nan da ransa, kuma ta riga ta tambayi inda ake hawa motar Palime. Asabar za ta je, in ta samu mai tsare mata kaskon doya.