Hannun Kawu a Famfon Zamzam

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo Umra a shekarar da muka koma unguwar Ka'akiyya a Makka, kuma tun jirginsu bai tashi ba aka kafa mini sharaɗi. Inna ta kira ni daga Jos ta ce, "Ki buɗe kunne ki ji ni. Ciwon nan nasa ba na tashi ba ne, wannan zuwan shi ne zuwan. Kada ki bari ya baro Makka bai sha Zamzam ba." Na yi dariya har da riƙe ciki. Wane ne zai zo Makka a ce sai an lallaɓa shi ya sha Zamzam? Ashe Inna ta fi ni sanin ɗan'uwanta.

Tun yana saurayi har furfura ta fito masa, aikin Kawu shi ne zuba giya a mashayar wani otal. Kowa a dangi ya sani, ba mai faɗa. In an tambaya sai mu ce yana aikin otal, mu ja bakinmu mu tsuke. Shi dai ya sha rantsuwa cewa ko ɗigo bai taɓa shiga bakinsa ba, kuma na yarda, don Kawu ba ya ƙarya. Ya daɗe da barin aikin kafin zuwan nasa.

Ranar da ya yi Umrarsa, da muka gama ɗawafi na ja shi wajen kulolin Zamzam, manyan nan da ake jerawa a Harami, kowace da ɗan famfonta a ƙasa, sababbin kofuna a gefe ɗaya, waɗanda aka sha a ɗaya gefen. Kawu ya tsaya turus, ya mayar da hannuwansa baya. Can sai ya zaro robar ruwan da ya saya a wani kanti a unguwar Misfala, ya kafa kai.

Na ce, "Haba Kawu! Ga sabil, ruwan sadaka, kyauta, ka je ka ba da kuɗinka ka sayi ruwan kanti?"

Ya ce, "Wannan ma ruwa ne."

"To kawo in tara maka, in riƙe maka kofin."

Ya harare ni. "Jariri kika samu?"

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Ni ba mai haƙuri ba ce, duk unguwa an shaide ni. Kwana da kwanaki muna wannan ja-in-ja. Har na yi shirin juye masa Zamzam a robar tasa a ɓoye, maigidana ya hana ni, ya ce ruwan nan da niyya ake shan sa, ba a ɗura wa mutum kamar maganin tari.

Wata rana bayan mun ci abincin rana na sake tayar da maganar, da faɗa-faɗa. Sai ya ajiye tsinken sakacensa ya ce, "'Yar nan, kin san bambancin ta kwalba da ta famfo?"

Na ce, "A'uzubillahi! A garin nan, Kawu?"

"A garin nan ne ya kamata in faɗa. Zauna."

Na zauna. Ya ce giyar kwalba ta fi tsada, amma tana da kunya. In mutum ya sha, kwalaben suna nan tsaye a kan tebur suna kallonsa. Duk wanda ya shigo zai gani, shi ma in ya ɗaga ido zai tuna da gida, ya tashi. Ta famfo kuwa daga gangar ƙarfe take fitowa, ta fi araha, ta fi sanyi, ga kumfa a sama. Mutum ya ce ai wannan ba ta da tsada, a ƙaro. Kuma mai otal ya koya musu da zarar tambulan ya kusa ƙarewa a ɗauke shi, a goge tebur, a dire cikakke. Tebur kullum tas, kamar yanzu mutum ya zauna.

"Ba wanda ya kai ni iya wannan," in ji shi. "Da murmushi nake yi. Na ga malamin makaranta ya sha albashinsa, ya sha babur ɗinsa, ya sha ɗinkin sallar 'ya'yansa, duk a kofin da ya ɗauka mai araha ne. Ni na zuba masa." Ya buɗe tafukan hannuwansa ya duba. "Da na ga famfon can da kofuna a gefe, gabana ya faɗi. Hannun nan ba zai taɓa shi ba."

Na kwashe kwanuka na shiga ciki na yi kukana.

Ana gobe zai tafi muka je Harami sallar la'asar, ni kam na riga na saduda, ina ta tunanin abin da zan gaya wa Inna. Bayan an idar ina zaune ina lazimi, shi yana tsaye can gaba yana jira na, ba nisa da kulolin. Kusa da shi akwai wani tsoho tukuf a keken guragu, farin mutum, mai tura shi ya bar shi ya je wani wuri. Tsohon ya kama gefen rigar Kawu yana cewa, "Moya, moya," yana nuna bakinsa. Ruwa yake so. Kawu ya waiga dama, ya waiga hagu, ya neme ni da ido. Na yunƙura zan tashi, sai kuma na koma na zauna, na sunkuyar da kai kamar ban gani ba. Har yau ban san abin da ya zaunar da ni ba.

Da na saci kallo, Kawu ya durƙusa. Ya zaro kofi, ya karkata shi a bakin famfon, ya danna, yana miƙar da kofin a hankali har ya cika fal, ko ɗigo bai zuba ba. Zamzam ba shi da kumfa, amma hannun bai san da haka ba, yadda ya saba ya yi. Ya goge gindin kofin da hannun rigarsa, ya sa wa tsohon a hannu, bai saki ba sai da ya ji yatsun sun riƙe.

Kafin ya miƙe sai ga ayarin alhazai sun fito daga ɗawafi, gumi sharkaf, masu jakunkuna iri ɗaya. Suka ɗauka ma'aikaci ne, suka yi ta miƙo hannu. La ilaha illallahu! Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Mutumin da ko cokali rawa yake a hannunsa, ga shi da kofi uku a tsakanin yatsu, yana cikawa yana miƙawa, ya san wa ya riga wa zuwa, ya san tsohuwar da aka danne a baya ya miƙa mata ta saman kai. Kowa ya karɓa sai ya faɗi wani abu da yarensa ya shafa fuska. Carbina ya suɓuce mini. Kofunan da aka sha kuwa suka yi ta taruwa a gefe, sun yi tsiri, kowa na gani, kuma bai ɗauke ko ɗaya ba.

Da jama'a suka lafa, tsohon keken ya sake nuna famfo. Kawu ya cika ya miƙa masa. Tsohon bai karɓa ba, sai ya tura kofin da bayan hannunsa har ya taɓa ƙirjin Kawu, ya ce da Larabci, "Sha, Alhaji."

Kawu ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya juya ya fuskanci Ka'aba, ya yi bisimilla, ya sha, yana tsayawa yana numfasawa, hawaye na bin gemunsa. Ni ma a nan inda nake na yi ta yi, ban damu da masu kallo ba.

Muka shiga motar komawa Ka'akiyya, muka wuce Misfala. Yana kallon taga ya ce, "Shekara da shekaru ina miƙa wa mutane kofi, 'yar nan. Yau ce rana ta farko da na miƙa aka yi mini addu'a."

Muna isa gida, ko mayafi ban cire ba na kira Inna. Na ce, "Inna, ya sha."

Ta ce, "Ke kika ba shi?"

Na ce, "A'a. Da hannunsa ya tara."