Firizar da Ta Kashe Adda Rabi Tana Nan Tana Aiki

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Adda Rabi, kuma har yau in aka ce mini "kwananta ne ya ƙare" sai raina ya ɓaci. Na yarda da ƙaddara, ni Musulmi ne. Amma ba ƙaddara ce ta ja wayar gidan nan ba, mutum ne ya ja ta.

Duk unguwarmu a Mubi an san ƙanƙararta da zoɓonta. 'Yan acaɓa masu zuwa Muchalla sukan tsaya a ƙofarta su jiƙa maƙoshi kafin su kama hanya. Da ciniki ya buɗe, mijinta Malam Buba ya haƙa rijiyar burtsatse a tsakar gida. Mai gyaran wuta ya zo ya jona injin ruwan da firizar a kan siririyar waya guda, wadda aka ja tun asali don fitila da fanka. Duk sanda injin ya tashi, sai fis ya ƙone. Maimakon a raba musu layi, kowanne da makashinsa a ƙaramin akwati, sai aka naɗe gurbin fis ɗin da jan ƙarfe mai kauri. Wayar da ake binnewa a ƙasa don ta janye wutar da ta ɓalle kuwa, cewa aka yi ƙawa ce ta gidan masu hali.

Daga nan firizar ta fara jan mutum. Kowa ya sani, har raha ake yi da abin. Maganin da aka samo shi ne silifas: za ka buɗe, ka sa takalmin roba. Baƙo ma akan ja masa kunne kamar gidan da ke da kare mai cizo. Ranar da abin ya faru, cikin azumi ne, tanki ya cika ya tumbatsa, ruwa ya malalo ɗakin. Adda ta idar da la'asar, ta ji mai neman ƙanƙara yana sallama, ta taso daga kan darduma ba takalmi, ta kama murfin. Kafin a kashe wuta daga mita ta riga ta cika.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Mubin yau. Gida-gida firiza, lungu-lungu injin ruwa, ga sola ga janareta, duk an ɗora wa tsofaffin wayoyi. Mutum zai ɓata yini yana zaɓen tayil da fenti, amma abin da ke cikin bango ko tambaya ba ya yi. An ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Mu mun gani, mun yi zaman makoki, mun watse. Adda mace ce mai faɗa, da ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta wanke mu tas.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na tarar a gidan makon jiya. Jamila, babbar 'yarta, ta gaji sana'ar. Firizar nan dai ce, an canja mata inji an shafa fenti, wayar gidan kuwa ba wanda ya taɓa ta. Ina zaune na ga yarinyar tana laluben takalmi da ƙafa kafin ta buɗe.

"Kawu, ba komai fa," in ji ta. "Kaɗan ne take ja."

Malam Buba ya ce, "Malam Sale, abin da Allah ya rubuta ba waya ce za ta hana shi ba."

Na ce, "Ka binne uwar, yanzu 'yar kake so ka binne?"

Na zare filogin daga bango, na sa wuƙa na datse wayarsa. Na rantse ba za a sake kunna ta ba sai an ja mata layinta daban, an binne wayar ƙasa. Ƙanƙarar ranar ta narke, zoɓon ya lalace. Malam Buba ya ce na ci mutuncinsa a cikin gidansa, kuma ban ba shi haƙuri ba.

Me ya rage na Adda? Hannunta yana nan a zoɓon Jamila, citta da kanumfari daidai yadda take sawa. Zuciyarta ma tana nan, don tun ranar yarinyar ba ta ce mini uffan ba. Allah ya jiƙan Adda, ita kuma Jamila ta yi ta fushinta. Gara ta wuce ni a hanya ba gaisuwa da in sake ɗaukar makara daga gidan nan.